Tsatsar da Muke Saye da Kuɗinmu: Tarihin Duba Lafiyar Mota da Tsofaffin A-kori-kura a Katsina

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda 'yan uwa da data ba ta bari su saurara.

Yau maganar mota za mu yi, amma ba motar 'yan gayu ba. Maganar a-kori-kura ce, wadda za ka gani ta fito ta Ƙofar Guga ko Ƙofar Ƙaura da sassafe, an shaƙe ta da buhuna, an ɗora awaki, sannan mutum goma sha wani abu sun hau kan kayan sun saki ƙafafu. Ita ke kai gero da wake kasuwar Charanchi, ita ke ɗauko dabbobi daga Mai'adua, ita ke kai taki ƙauye idan damina ta kama. A wasu garuruwan ma ita ce motar asibiti, ita ce motar kai amarya. Tambayar da nake so mu bi tarihinta ita ce, wa ke duba ƙarƙashin wannan motar? Ba gilashi ba, ba fitila ba, ba takarda ba. Ƙarƙashinta, inda ƙarfen da ke riƙe da rayukan nan yake.

Bari mu fara da dalilin da ya sa mota ta fi mana muhimmanci fiye da wasu garuruwan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga baya aka ja wani layin daga Zariya ya bi ta Funtua zuwa Gusau har Ƙaura Namoda, aka gama shi a 1929. Birnin Katsina kuwa dogo bai shigo shi ba a wancan zamanin. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 shi ne na farko da aka tsara zai ratsa mu. Ke nan duk gyaɗa da auduga da fatu da ƙasar Katsina ta fitar a zamanin Turawa, sai da suka bi bayan jaki ko raƙumi, daga baya kuma bayan mota, kafin su ga tashar jirgi. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan Arewa na farko-farko da suka rungumi mota. Tun daga lokacin, arzikin wannan yanki a kan taya yake tafiya.

Doka kuma ta biyo mota a baya. Turawa sun yi dokar zirga-zirgar motoci a 1913 don Legas da Kudu, suka yi ta ƙasa baki ɗaya a 1916 bayan haɗe Kudu da Arewa. Amma wadda ta zama uwa ga tsarin da muke kai yau ita ce dokar hanya da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1949. A nan ake jingina asalin jami'an duba motoci, waɗanda kowa ya sani da VIO, masu farin kaya da baƙi. Asalin aikinsu na masu sanin inji ne: su gwada direba kafin ya samu lasin, su duba mota kafin a ba ta takardar shaidar lafiya, su binciki mota bayan haɗari don a gane ko laifin direba ne ko na ƙarfe. Ku riƙe wannan na ukun, za mu dawo kansa.

Sai aka zo 2 ga Afrilun 1972, ƙasa ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. Kuɗin mai suka shigo, motoci suka yawaita, haɗurra suka yawaita tare da su. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Shekara ɗaya kafin nan, ranar 23 ga Satumban 1987, aka cire mu daga Kaduna aka ba mu jiharmu, muka gaji ofishin VIO namu na kanmu. Tsarin mulki ya bar wa Tarayya zirga-zirga a manyan hanyoyinta, sauran kuma na jihohi ne, shi ya sa VIO ma'aikacin jiha ne, ɗan rod sefti kuma na Tarayya. Daga baya Kano ta yi KAROTA, mu ma muka yi KASSAROTA. Ga 'yan sanda kuma. Idan ka ƙirga, direban a-kori-kura ɗaya yana iya amsa tambayar kaki iri huɗu kafin ya kai Jibiya. A ƙa'idojin hanya na 2012, motar haya ana so a duba ta duk wata 6, motar gida kuma duk shekara. To masu duba sun yawaita. Abin da ake dubawa fa?

A nan ne nake so mu ɗan zauna, don a ganina nan labarin yake.

A shekarun 1970 zuwa farkon 1980, ɗan kasuwar Katsina da ya tara kuɗi sabuwar mota yake saye. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara fitar da motoci a 1975. Akwai Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, da masu haɗa manyan motocin Fiat a Kano. Fijo 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, waɗanda a cikin ƙasar nan ake haɗa su, su ne suka zama jakunan zamani. Sabuwar mota, a ƙasa mai rani wata bakwai zuwa takwas, ba teku kusa, ba ƙanƙara. Tsatsa ba ta cikin manyan matsalolin wannan zamanin. Abin da ke kashe mota a lokacin shi ne ramuka, da obalodi, da ƙura a inji. Don haka idon mai duba mota ya saba da birki, taya, fitila, sitiyari, hon. Kuma ba laifinsa ba ne, abin da ke gabansa ke nan.

Sai SAP ta zo a 1986. Naira da a farkon shekarun 1980 ta fi dala daraja ta fara gangarowa, sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta, ta fi ƙarfin ɗan kasuwar ƙauye. Kamfanonin haɗa motoci suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Aka buɗe babin gwanjo, wanda Yarabawa suka sa wa suna tokumbo, mu kuma muke cewa Beljiyam. Hanyar ma kun san ta: jirgin ruwa ya sauke a Kwatano, a bi ta cikin Nijar zuwa Maraɗi, a shigo ta Jibiya ko ta wata ɓarauniyar hanya. Gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, ta rufe iyakokin gaba ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, amma motocin da suka riga suka shigo cikin shekara talatin ɗin nan suna nan a tashoshinmu, su ne muke hawa.

Me ya sa wannan ya shafi tsatsa? Saboda a arewacin Turai da Kanada da jihohin arewa maso gabashin Amurka, idan hunturu ya zo gishiri suke watsawa a kan titi don ƙanƙara ta narke. Mota ta yi shekara goma sha biyar tana wanka da ruwan gishiri ta ƙasa. Tsatsa ba komai ba ce illa ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuma yana ƙara wa abin gudu sosai. Shasin a-kori-kura da yawa kamar dogon akwati yake, rufe ta ko'ina sai 'yan huduji. Ruwan gishiri da laka su shiga ciki su kwanta, su riƙa cin ƙarfen daga ciki zuwa waje. Kai da ke tsaye a waje fenti kake gani yana sheƙi.

Kuma kada wani ya ce ai wannan matsalar ƙananan kamfanoni ce. Toyota, wadda mu nan muke rantsuwa da ƙarfinta, wadda har yaƙin Chadi da Libiya na 1987 aka sa wa sunanta saboda rawar da motocinta suka taka a sahara, ita kanta ta sha wannan. A 2008 ta shiga sayen tsofaffin Tacoma ƙirar 1995 zuwa 2000 daga hannun masu su a Amurka, tana biyan ninki ɗaya da rabi na darajarsu, saboda shasinsu ya ruɓe. A 2009 ta janye Tundra ƙirar 2000 zuwa 2003 saboda ƙarfen baya da ke riƙe da safayar taya yana cinyewa har tayar ta iya faɗowa a kan hanya. A 2016 ta amince da sulhun da ya kai dala biliyan 3.4 a kan motoci kusan miliyan 1.5, Tacoma da Tundra da Sequoia, duk a kan tsatsar shasi. Ba'amurke ya kai ƙara an canza masa shasi kyauta. Wanda ya sayi irin motar a hannu na uku a Afirka ta Yamma, wa zai kai ƙara?

Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a Oktoban 2020, ta ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowa karɓa. Rahoton ya nuna da yawa daga cikin waɗanda ake lodawa daga Turai ba su da ingantacciyar takardar lafiya a lokacin fitar da su. Ku duba lissafin mai motar can. A Ingila, tun 1960 suke da gwajin da suke kira MOT. Da farko motar da ta kai shekara 10 ake gwadawa, zuwa 1967 suka dawo da shi shekara 3. A ƙa'idarsu, idan tsatsa ta raunana ƙarfe a cikin santimita 30 daga inda aka ɗaure birki ko sitiyari ko sifirin ko bel ɗin kujera, motar ta faɗi. Jamus na da nata, Japan na da nata mai tsada. Idan mota ta faɗi, kuɗin gyara ya fi kuɗinta, mai ita sai ya sayar wa dillali, dillali ya tura tashar jirgin ruwa. Wato tsananin dokarsu shi ne yake koro mana ruɓaɓɓun motocinsu. Su suna da ƙofar fita, mu ba mu sa mai gadi a ƙofar shiga ba. Kwastan shekarun mota da kuɗin fito take tambaya, kuma ko iyakar shekarun an yi ta ɗagawa ana saukewa.

Amma fa kada mu ɗora wa Bature komai. Akwai tsatsar da mu muke haifarwa a nan gida, kuma ita ce ba a cika magana a kanta ba. Takin zamani, yuriya da NPK, yana jan danshi kuma yana cin ƙarfe. Buhu ya fashe a bayan mota, a share sama-sama, sauran ya shige tsakanin faranti da faranti, ruwan sama ya sauka a kai. Fitsarin shanu da kashin awaki haka suke. Motar da ke rabon fiya wata kullum bayanta a jiƙe yake, rani da damina. Mai ɗaukar gishiri da kanwa, ba sai an faɗa ba. Ruwan batir da ke zuba yana huda mazauninsa. Sai kuma watan Agusta, a bi hanyar ƙauye, laka ta cika cikin shasi, ta bushe ta toshe hudujin da kamfani ya bari don ruwa ya fita. Mu kuma wankin motarmu na sama ne, a goge bodi, a sa wa taya baƙi, shi ke nan. Da yawa kuma suna shimfiɗa katako ko roba a bayan mota don kare faranti, alhali danshi suke ɓoyewa a ƙarƙashi.

To ina haɗarin yake? Tsatsa a ƙofa ko a fuka-fukin taya muni ne kawai, ba ta kashe kowa. Wadda ke kisa tana wurare ƙalilan. Akwai kunnen da sifirin ke rataye a jikin shasi. Idan ya ɓalle da lodi a kai, tayoyin baya su karkace, motar ta juya kanta ba da izinin direba ba. Akwai siraran bututun ƙarfe da ke kai man birki zuwa tayoyin baya, waɗanda ke bin jikin shasi. Suna iya yin shekaru suna cinyewa ba ɗigo ko ɗaya, sai ranar da yaro ya gifta, direba ya taka da ƙarfi, bututun ya fashe, feda ta tafi ƙasa. Akwai inda akwatin sitiyari ke ɗaure, da maɗaurin tankin mai, da wurin da kan mota ke zaune a kan shasi. Sannan shasin kansa, tsakanin kai da bodi, inda nauyi ke lanƙwasa shi. Motar da aka ƙera don ɗaukar kimanin tan ɗaya, mu sa mata buhu ashirin na kilo ɗari-ɗari, mu ƙara mata ganyen sifirin don kada ta zauna. Sifirin ya ƙaru, shasi bai ƙaru ba, ya ma rage kauri. Idan abin ya faru, sai ka ji an ce birki ya tsinke, ko motar ta ƙwace, a yi addu'a, a rufe zance. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musu. Amma kun tuna aikin VIO na uku da na ce ku riƙe? Binciken mota bayan haɗari an tanade shi ne don a gane wane ƙarfe ne ya ci amana, ko a ceci na gaba.

Yadda ake gyaran ma abin dubawa ne. Masu waldarmu da fanabitocinmu suna da basira, wallahi, suna tayar da motar da a wata ƙasa tuni an narkar da ita. Matsalar ita ce mai mota araha yake nema, mai saye kuma da ido yake saye. Sai a cika rami da bodi fila, a fesa baƙin fenti, ko a manna faci a kan ruɓaɓɓen ƙarfe. Walda ba ta kama tsatsa. Gyaran gaskiya sai an yanke duk inda ya ruɓe har a iso lafiyayyen ƙarfe, a sa faranti mai kaurin na asali, a ƙara wani a kai ya zarce wurin ɗinkin ta kowane gefe, kuma a guji ɗinki miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa a jikin shasi, don nan yake sake tsagewa. Waldar gas da ake yi wa bodi ba ita ce ta shasi ba. Bututun birki kuwa ba a yi masa faci, canza shi ake yi. Bayan nan a kankare da burushin ƙarfe, a shafa jan fenti na hana tsatsa, a buɗe hudujin ruwa. Tsofaffin direbobi suna fesa baƙin mai a ƙasan mota kafin damina. Yana taimakawa, amma yana lalata roba, kuma bai kamata ya kusanci birki ba. Giris ko man da aka yi don wannan aikin ya fi. Kuma idan za ka sayi tsohuwar a-kori-kura ka ga ƙarƙashinta ya sha sabon baƙin fenti mai kauri, to wannan ba kwalliya ba ce, tambaya ce. Ɗauki ƙaramar guduma ka ƙwanƙwasa. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, wani lokacin ma ɓarɓashi ya zubo.

Guduma, tocila, da rami ko abin ɗaga mota. Kayan aikin ke nan. Shi ya sa ba na karɓar uzurin cewa sai mun samu na'urori masu kwamfuta. Legas ta buɗe cibiyoyin duba mota da kwamfuta, kuma daga Janairun 2022 ta ce ba takardar lafiya sai an kawo motar an gani. Wannan mataki ne mai kyau, sai dai ku lura da abin da yake tona mana: ashe kafin nan ana iya samun takardar ba tare da motar ta zo ba. Kuma kowa ya san a sassa da yawa na ƙasar nan haka abin yake, takardar lafiya ta zama ɗaya daga cikin takardun da ake biya a dunƙule lokacin sabunta lasin. Ta tashi daga shaidar injiniya ta koma rasit na kuɗin shiga. Na'ura tana auna birki da hayaƙi da hasken fitila, amma tsatsar cikin shasi har a Ingila mutum ne ke shiga ƙarƙashi ya duba da ido da hannu.

A Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an VIO na Babban Birnin Tarayya ba su da hurumin tare motoci a hanya, ko kama su, ko cin tarar direbobi. Mutane suka yi ta murna a Facebook, kuma na fahimci dalili. Hukuncin a kan Abuja yake, kowace jiha da dokarta. Amma ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, an tuna wa kowa cewa gidan mai duba mota gareji ne, ba bakin titi ba. A bakin titi ba abin da za ka gani sai fasasshen gilashi da takarda. Ba wanda zai kwanta a kan kwalta da farin kaya ya leƙa kunnen sifirin.

Akwai masu cewa a hana tsofaffin motocin nan hawa hanya kawai. Ban yarda ba. Wanda ya faɗi haka bai taɓa jiran mota a ƙauyen da a-kori-kura ɗaya ce ke shiga a rana ba. Ka kama ta, tumatir ya ruɓe a gona, mai naƙuda ta hau babur. Ga matsalar tsaro da ta riga ta rage masu yarda su bi wasu hanyoyin yammacin jihar, ga tsadar mai tun da aka cire tallafi a 2023. Direban nan ba maƙiyinmu ba ne, shi ne ma na farko da zai mutu idan shasi ya karye. Shekarun mota ba su ne ma'auni ba. Akwai 504 da ta girme ni, ta yi rayuwarta duka a busasshiyar ƙasa, shasinta garau. Akwai wadda ba ta kai rabin shekarunta ba, ta zo daga ƙasar gishiri, ƙarƙashinta kamar wainar da ta ƙone.

Abin da nake ganin ya dace da mu shi ne a raba tsatsa gida uku a rubuce, yadda direba da jami'i za su karanta abu ɗaya. Ta saman fata, a wuce. Wadda ta fara cin ƙarfe amma ba ta huda ba, a ba da wa'adi a gyara a dawo, ba tara. Wadda ta huda kusa da birki, sitiyari ko sifirin, motar ba za ta ɗauki mutum ba sai an gyara. A yi ramin dubawa a manyan tashoshi tare da ƙungiyar direbobi ta NURTW, don su ne suka san kowace mota da mai ita, kuma kuɗin dubawa ya zama sananne, a manna shi a bango. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman tana yaye masu takardar injiniyanci duk shekara, da yawansu muna zaune da su a majalisa ba aiki. A horar da su, a haɗa su da tsofaffin makanikai da suka san ƙarar ƙarfe. Masu walda kuma a koya musu gyaran shasi, a ba waɗanda suka iya shaida, don direban da aka ba wa'adi ya san inda zai nufa.

Ga 'yan Majalisar Dokokin jiha da ke bin wannan shafin, tambayoyi biyu za ku iya yi a zaman kasafin kuɗi na gaba, kuma amsarsu lamba ce, ba dogon Turanci ba. Takardun lafiyar mota nawa aka bayar a jihar Katsina bara? Ramukan duba mota nawa ke aiki a ƙananan hukumomi 34?